Manhajar rarraba shara: yadda ake gina ta bisa dokar kowane gari

Manhajar rarraba shara wani shafi ne na intanet da ake buɗewa a wayar hannu ko a kwamfuta, wanda ke amsa wa mutum tambaya guda: wannan abin da na gama amfani da shi, ina ya kamata in kai shi? Tambayar tana da sauƙi, amma amsarta tana sauyawa daga gari zuwa gari. Goran ruwan da ake saye a kan sikeli a Kano yana iya rasa mai saye a ƙauyen da motar dillali ba ta zuwa, kuma mazubin abincin da aka haramta a Legas ana sayar da shi a fili a wasu jihohi. Saboda haka ƙimar irin wannan manhaja tana rataye ne a kan ingancin bayanan da aka zuba mata game da wurin da mai tambaya yake zaune.

Garin Sahon Rami, da ke ƙaramar hukumar Mashegu a masarautar Kontagora ta Jihar Neja, misali ne mai kyau na inda za a gwada wannan magana. Gari ne na manoma da makiyaya da 'yan kasuwa, irin garuruwan da mafi yawan 'yan Najeriya ke rayuwa a cikinsu, inda leda da roba da batir suka riga motar kwashe shara isowa.

Girman matsalar

Alƙaluman da hukumomi suka saba ambata sun nuna cewa Najeriya tana samar da shara kimanin tan miliyan 32 a shekara, kuma kusan tan miliyan 2.5 daga ciki roba ce da leda. A duniya baki ɗaya, rahoton ƙungiyar OECD na shekarar 2022 ya nuna cewa kashi 9 cikin 100 ne kawai na sharar roba ake sake sarrafawa. Sauran ana binnewa, ana ƙonewa, ko kuma ya watsu a ƙasa da ruwa.

A karkara illar tana bayyana ta hanyoyin da kowa ya sani. Leda tana toshe magudanun ruwa da damina. Tana shiga gona tare da takin juji, ta hana ruwa ratsa ƙasa yadda ya kamata. Awaki da shanu suna haɗiye ta, ta dunƙule a cikin tumbinsu, dabba ta yi ta ramewa alhali ana ba ta abinci. Mahauta sun saba ciro irin wannan dunƙule a mayanka. Idan aka cinna wa juji wuta don a rage shi, hayaƙin robar yana shiga ƙirjin mutanen unguwa.

Sake amfani da shara kuwa tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Shekaru aru-aru manoman kewayen birnin Kano suna ɗibar toka da kashin dabbobi da sharar gidaje a kan jakuna zuwa gonakinsu. Maƙera suna narkar da tsohon ƙarfe su fitar da fartanya da lauje. Abin da ya sauya shi ne nau'in sharar: ta dā tana ruɓewa ta koma ƙasa, ta yanzu kuwa wani sashenta ba ya ruɓewa, wani sashen kuma yana ɗauke da guba.

Dokokin da ke kan shara

Mai gina manhaja dole ne ya fara sanin cewa dokar shara a Najeriya hawa uku ce.

A matakin tarayya, tarihin ya faro ne daga abin da ya faru a garin Koko, a Jihar Delta ta yanzu, inda aka jibge shara mai guba daga Italiya, lamarin da ya fito fili a 1988. A shekarar ce gwamnatin soja ta kafa dokar hana shigo da shara mai cutarwa, ta kuma kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA. A 2007 aka kafa hukumar NESREA, wadda ke tilasta bin ƙa'idojin muhalli a faɗin ƙasa. Ƙa'idojinta na 2009 kan tsafta da shara sun hana watsar da shara a tituna da magudanun ruwa. Na 2011 sun shafi kayan lantarki da kuma ƙone-ƙone a fili. A 2024 aka fitar da ƙa'idoji na musamman kan batura. A 2020 kuma majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da manufar ƙasa kan sharar roba, sannan a watan Yunin 2024 ta amince da hana amfani da robobin da ake yarwa bayan amfani ɗaya a ma'aikatu da hukumomin tarayya.

Akwai kuma tsarin da ya ɗora wa kamfanoni alhakin kayansu har bayan an gama amfani da su. A ƙarƙashinsa aka kafa ƙungiyar FBRA a 2018, wadda ta haɗa kamfanonin abinci da abin sha don tattara gorunan roba, da ƙungiyar EPRON mai kula da sharar kayan lantarki.

A matakin jiha, kowace jiha tana da hukumarta da dokokinta. Neja tana da NISEPA, Kano tana da REMASAB, Legas tana da LAWMA, Abuja kuma tana da AEPB. A nan ne bambanci ya fi fitowa. Legas ta haramta farin mazubin abinci mai kama da soso a watan Janairun 2024, ta kuma fara tilasta haramcin wasu robobin amfani ɗaya daga ranar 1 ga Yulin 2025, sai dai haramcin bai haɗa da gorunan ruwa da ledar fiya-wata ba. A Borno, Gwamna Babagana Zulum ya haramta sana'ar tsintar tsoffin ƙarafa a watan Yulin 2023 saboda dalilan tsaro. A Abuja, hukumar birnin ta hana 'yan bola-jari yawo a cikin unguwanni a watan Janairun 2025, ta kuma dakatar da kasuwannin panteka na tsawon mako biyu. Sana'a guda ke nan, amma hukuncinta ya bambanta daga wannan wuri zuwa wancan.

A mataki na uku, jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya sanya zubar da shara cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Najeriya tana da 774, Jihar Neja tana da 25. Ma'ana, wanda ke da hurumin faɗin inda mutumin Sahon Rami zai zubar da shararsa shi ne sashen lafiya da tsaftar muhalli na ƙaramar hukumar Mashegu, wato jami'an da har yau jama'a ke kira duba-gari, tare da hakimi da dagaci da masu unguwanni waɗanda suka san filin da aka ware wa juji da wanda ba a yarda a zuba ba. Yawancin waɗannan ƙa'idoji na ƙasa-ƙasa suna cikin fayil a sakatariya ko a bakin mutane, kuma babban aikin mai manhaja shi ne ya tattaro su.

Sikelin dillali

Bayan doka akwai kasuwa. A Jamus, tun daga 2003 ana ɗora kuɗin ajiya a kan gorunan amfani ɗaya, mutum ya mayar da gora ya karɓi santi 25. A Birtaniya, shafin Recycle Now yana tambayar lambar gidan waya ta unguwar mutum, ya gaya masa abin da hukumar yankinsa ke karɓa. Waɗannan tsare-tsare sun dogara da motar da ke zuwa ƙofar gida a rana sananniya.

A arewacin Najeriya, masu riƙe da wannan aiki su ne 'yan gwangwan da 'yan bola-jari, masu tura baro suna bi gida-gida, da dillalan da ke da sikeli a bakin kasuwa, da manyan dillalan da ke loda tirela zuwa masana'antu a Kano da Kaduna da Legas da Ogun. Abin da dillali ya yarda ya auna shi ne abin da ake sake sarrafawa a wannan gari. Ƙarfe da jan ƙarfe da alminiyam ba sa rasa mai saye, domin suna da nauyi da daraja. Narkar da tsohon alminiyam yana cin kimanin kashi 5 cikin 100 ne kawai na makamashin da ake buƙata wajen haƙo sabo da tace shi. Goran roba kuwa ba shi da nauyi, yana cika mota kafin ya kai kuɗin mai, don haka sai inda akwai injin matsewa ko na niƙawa a kusa yake zama haja. Manhajar da za ta ce wa mutum "ana sake sarrafa wannan" ba tare da ta nuna masa mai saye a kusa ba, ba ta ƙare shi da komai ba.

An riga an gwada haɗa fasaha da wannan kasuwa a Najeriya. Kamfanin Wecyclers, wanda Bilikiss Adebiyi-Abiola ta kafa tare da abokan aikinta a Legas a 2012, ya fara ne da kekuna masu ɗaukar kaya: ana auna sharar gida, a tura wa mai gida maki ta saƙon tes, daga baya ya musanya makin da kaya ko kuɗi. Manhajar Pakam tana haɗa gidaje da masu karɓar shara a Legas da haɗin gwiwar LAWMA. A Abuja akwai Chanja Datti, a Kano kuma akwai eTrash2Cash, mai karɓar shara daga unguwannin masu ƙaramin ƙarfi yana biyansu. Darasin da ya fito daga dukkansu ɗaya ne: wayar tana aiki ne saboda a bayanta akwai keke da sikeli da wurin tarawa.

Yadda ake gina manhajar

Aikin yana farawa da takarda da biro. Masu ginawa suna zagaya gari su rubuta abubuwan da aka fi yarwa, su zauna da jami'an tsaftar muhalli su ji ƙa'idar da ke aiki, su je wurin dillalai su ji abin da suke saye, a wace rana, da kuma sharaɗin da suke gindayawa. Daga nan ake zana rumbun bayanai.

Rumbun yana da ginshiƙai huɗu da ke haɗe da juna: kayan, wurin, hukuncin, da mai karɓa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a liƙa hukunci a jikin kayan, a rubuta cewa gora kaza ana sake sarrafa ta. Daidai shi ne a liƙa hukuncin a mahaɗar kayan da wurin: gora kaza, a gunduma kaza, ana kai ta wurin wane. Kowane bayani kuma yana ɗauke da tushensa, ko doka ce ko sanarwar hukuma ko al'adar kasuwa, da ranar da aka tabbatar da shi. Idan ƙaramar hukuma ba ta da ƙa'ida a kan wani abu, manhajar ta hau zuwa ta jiha, idan babu ta hau zuwa ta tarayya, kuma ta gaya wa mai tambaya daga wane mataki amsar ta fito.

Gane wurin mutum yana buƙatar dabara, tun da gidaje da yawa ba su da lamba. Hanya mafi sauƙi ita ce zaɓi daga jiha zuwa ƙaramar hukuma zuwa gunduma, kuma jerin gundumomi 8,809 na hukumar zaɓe ta INEC ya isa zama tubali. Wuraren tarawa kuma a kwatanta su yadda mutane ke kwatance: bayan tashar mota, gabas da kasuwa, kusa da makarantar firamare. Dole ne a lura cewa sunan gari ɗaya kan zo da rubutu biyu, kamar Sahon Rami da Saho-Rami.

Akwatin bincike ma haka. Wani zai rubuta "gora", wani "roba", wani "jarka", wani "galan". Wani zai rubuta "ƙarfe", wani "karfe", domin ba kowace waya ce ke da haruffa masu lanƙwasa ba. Manhajar ta ɗauke su duka ta kai su wuri guda. Ga wanda bai iya karatun boko ba, hotunan kayan da aka ɗauka a garin, tare da gajeren bayani na murya, sun fi dogon rubutu amfani. A yankin Kontagora Hausa ce harshen kasuwa, amma ana jin Kambarci da Nufanci da Fulatanci, kuma naɗar murya a waɗannan harsuna ba ta da tsada.

Ta fuskar fasaha, shafin intanet ya fi manhajar da ake saukewa dacewa da irin wannan wuri, domin ba ya cin wurin ajiya a waya. Akwai tsarin da ke ba shafi damar ajiye bayanan gundumar mutum a wayarsa a buɗewar farko, ya ci gaba da aiki ko da sabis ya ɗauke. Hotuna su kasance marasa nauyi don kada su cinye data. Ga masu ƙananan wayoyi, ana iya haɗa rumbun bayanan da lambar USSD, irin wadda ake duba kuɗin banki da ita, ko da saƙon tes.

Wasu masu ginawa suna ƙara ƙirƙirarriyar basira mai gane abu daga hoto. Tana iya gane cewa wannan gora ce, amma hoto ba ya nuna abin da aka taɓa zubawa a cikinta, kuma ba ya nuna ko akwai mai saye a garin. Don haka aikinta ya tsaya a taimaka wa mutum ya sami sunan abin. Hukuncin ya fito daga rumbun da mutane suka tantance.

Idan manhajar tana karɓar suna da lambar waya da wurin gida don a zo ɗaukar kaya, ta shiga ƙarƙashin dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda hukumar NDPC ke kula da ita. Ƙa'idar ita ce a nemi izini, a karɓi iya abin da ake buƙata, a kuma tsare shi. A yankin da ke fama da matsalar tsaro, jerin gidaje da wurarensu da lambobin masu su ba abin wasa ba ne.

Abin da za ta gaya wa mai gida

Yawancin robobi suna ɗauke da lamba a cikin alamar kusurwa uku, tsarin da aka fara a Amurka a 1988. Lamba 1 ita ce ta gorunan ruwa da lemo. Lamba 2 ta jarkoki ce da galan masu kauri. Lamba 3 ta bututun ruwa ce da rigar wayar lantarki. Lamba 4 ta leda ce. Lamba 5 ta bokitai ce da kujeru da murafun gora da yawa. Lamba 6 ta farin mazubin abinci ce, lamba 7 kuma ta sauran nau'o'i. Lambar tana faɗin irin robar ne kawai. Masu sarrafawa sun fi neman 1 da 2 da 5, kuma suna ƙin a gauraya su, domin ɗan guntun lamba 3 yana iya ɓata tarin lamba 1 a wurin narkarwa.

Saboda haka umarnin da manhaja za ta bayar gajere ne. Goran lemo a zubar da abin da ya rage, a matse shi, a tara a buhu. Ledar fiya-wata a shanya ta ta bushe, a tara ta daban. Kwali a kare shi daga ruwa da mai. Gwangwani a gwada shi da maganaɗisu: idan ya kama ƙarfe ne, idan bai kama ba mai yiwuwa alminiyam ne, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Toka da ɓawo da ragowar abinci da kashin dabbobi su tafi ramin taki, bayan an tsince leda da fasasshiyar kwalba.

Inda rai ke cikin haɗari

Sashen da ya fi kowane muhimmanci a gari irin Sahon Rami shi ne na kayan da ba a sayarwa, ba a ƙonewa, ba a kuma sake zuba komai a ciki. Na farko shi ne goran maganin feshi da na kashe ciyawa, wanda ke taruwa a kowace damina. Yana da kauri da murfi mai kyau, shi ya sa ake sha'awar zuba ruwa ko man gyaɗa ko nono a ciki, alhali robar tana riƙe guba ko an wanke ta da sabulu. Ƙa'idar da hukumomin FAO da WHO suka bayar ita ce ɗauraya sau uku nan take: a zuba ruwa kimanin rubu'in goran, a rufe, a girgiza, a juye a cikin tankin feshi, a maimaita har sau uku, sannan a huda goran don kada wani ya ɗauka. Ko bayan haka ba a haɗa shi da sauran robobi.

Na biyu shi ne batirin mota da na sola, mai ɗauke da dalma da ruwan batir mai ƙuna. Yana da daraja a kasuwa, amma fasa shi a tsakar gida ko narkar da shi a kan murhu yana watsa dalma a ƙasar da yara ke wasa. Jihar Neja ta san illar wannan guba: a 2015 yara 28 sun rasu a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi, bayan ta fito daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gari, kamar yadda ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Dalmar batir da ta ma'adini illarsu ɗaya ce ga ƙwaƙwalwar yaro. Batir a miƙa shi a rufe, ba a fasa ba, ga mai karɓa da ke da rajista.

Batirin waya da na fitilar caji yana kamawa da wuta idan aka huda shi ko aka jefa shi a juji mai ci. Ƙona wayar lantarki don a ciro jan ƙarfe yana fitar da hayaƙi mai guba. A feɗe rigar da wuƙa ya fi. Allurai da sirinji a mayar da su cibiyar lafiya. Duk ƙarfen da aka tsinta a daji mai kama da harsashi ko abin fashewa kuwa, kada a taɓa shi, a sanar da jami'an tsaro. Haka nan manhaja ta bayyana cewa murfin kwalbati da wayar wutar lantarki da ƙarfen layin dogo dukiyar gwamnati ce, saye da sayar da su laifi ne.

Wa zai riƙa sabunta ta

Matashin da ya iya aikin zai iya kammala rubuta irin wannan manhaja cikin 'yan makonni. Riƙe ta shi ne aikin shekaru. Dillali yakan tashi, farashin kilo yakan sauya, ƙaramar hukuma takan ware sabon juji, jiha takan fitar da sabuwar doka. Idan kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya. Wanda manhaja ta tura wurin da aka rufe, ya ɗauko buhu a kan babur ya dawo da shi, da wuya ya sake buɗe ta.

Don haka tun farko ake tsara wanda zai riƙa duba bayanan kowace gunduma: jami'in tsaftar muhalli, ko shugaban ƙungiyar 'yan gwangwan, ko malamin makaranta, kowa da ikon gyara sashensa kawai. Bayanin da ya daɗe ba a tabbatar da shi ba ya nuna alamar gargaɗi da kansa. Masu amfani kuma su sami maɓallin da za su danna su ce wannan wuri ya tashi.

Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai-tsaye daga asusun tarayya, ya sake jawo hankali ga ayyukan da kundin tsarin mulki ya ɗora musu, kuma shara tana cikinsu. Ƙaramar hukumar da ta rubuta ƙa'idojin shararta a fili, ta yi wa dillalan yankinta rajista, ta kuma ware wurin ajiye gorunan maganin feshi da tsoffin batura, ta riga ta yi mafi yawan aikin da manhaja ke buƙata. Abin da ya rage shi ne a saka bayanan a wayar manomi da uwargida da mai tura baro, cikin harshen da suke ji.